Rubutun yau da kullum bayan ritaya: me ake rubutawa, kuma yana da amfani kuwa?

Tsohon Malamin Makaranta ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni ajiye aiki, da kuma masu ilimi a kan rayuwar manyanta. Na yi ritaya daga aikin koyarwa bayan na ƙarar da mafi yawan shekarun ƙarfina tsakanin aji da ofis. Watannin farko sun yi mini daɗi ƙwarai, domin na rama barcin da aiki ya hana ni, na kuma ziyarci dangin da na daɗe ban leƙa ba. Amma da tafiya ta yi tafiya sai na ga kwanakin sun fara kama da juna, har ta kai idan aka tambaye ni abin da na yi shekaranjiya sai na yi dogon tunani kafin in ba da amsa. Likita ya duba ni, ya tabbatar mini cewa ƙwaƙwalwata ƙalau take, saboda haka na fahimci matsalar tana cikin kwanakin ne, domin babu wani abu a cikinsu da zai bambanta Talata da Laraba.

Wani abokina ya ba ni shawarar in sami littafi in riƙa rubuta abin da ya gudana a kowace rana, yana mai cewa hakan zai taimaka mini in daidaita rayuwata tsakanin hutu da hidimar iyali da kula da lafiya da abubuwan da nake so in koya. Shawarar ta kwanta mini, sai dai ban san ta inda zan fara ba. Na saba da rubuta shirin darasi da rahoton ƙarshen zango, waɗanda an san tsarinsu, an kuma san wanda zai karanta su. Rubutun da mutum zai yi wa kansa, ba tare da wani shugaba da zai duba ba, baƙon abu ne a wurina.

Me ake rubutawa a irin wannan littafi idan ranar ba ta zo da wani sabon abu ba? Da safe ya fi ko da dare, kuma wane tsawo ya kamata rubutun ya yi? Ina kuma so in ji gaskiya daga waɗanda suka daɗe suna yi: shin ya kawo wani canji a rayuwarku, ko kuwa abu ne da ake ɗokinsa na ɗan lokaci sannan a jefar? Ba na son in ɗora wa kaina sabon nauyi da sunan neman natsuwa. Na gode.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da sauke nauyi lafiya, Allah ya sa albarka a abin da ya rage. Abin da ka bayyana sananne ne ga duk wanda ya bar aiki, kuma ina ganin gane dalilinsa shi ne zai nuna maka abin da ya kamata ka rubuta.

A shekarar 1933 aka wallafa wani bincike da Marie Jahoda da abokan aikinta, Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka gudanar a Marienthal, wani ƙauye kusa da birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, inda masaƙar da kusan kowa yake ci daga gare ta ta rufe, mafi yawan magidanta suka wayi gari ba su da aiki. Daga cikin hanyoyin da masu binciken suka bi akwai raba wa mutane takarda domin kowa ya rubuta abin da ya yi a kowace awa ta yini guda. Mazan da suka rasa aiki, duk da cewa lokaci ya yi musu yawa, sun kasa cike takardar yadda ya kamata. Sai ka ga mutum ya ambaci tashi daga barci da cin abincin rana da kwanciya, amma sa'o'in da ke tsakani sun ɓace, shi kansa bai san inda suka tafi ba. Har aron littafi a ɗakin karatun ƙauyen ya ragu da kusan rabi, alhali an daina karɓar kuɗin aro, kuma mutanen suna da lokacin karatu fiye da da. Daga baya Jahoda ta bayyana cewa aiki yana ba mutum abubuwa biyar ban da albashi: tsarin lokaci, cuɗanya da mutanen da ba na gidansa ba, manufar da yake tarayya da wasu a cikinta, matsayin da ake sanin sa da shi, da kuma abin yi a kai a kai. Na san rashin aiki da ritaya ba ɗaya ba ne, domin mai ritaya ya fita da mutuncinsa, kuma galibi yana da fansho. Amma fansho gurbin albashi kaɗai yake cikewa, sauran biyar ɗin kuwa mutum ne zai nemo wa kansa madadinsu, kuma ba zai nema ba sai ya gane cewa sun tafi.

Ni da na yi rayuwata cikin lissafi, na ɗauki littafin kamar littafin shiga da fita na kuɗi, wanda ake rubuta abin da aka kashe a zahiri, ko da ya saɓa wa abin da aka yi niyya. Ina rubutu da dare kafin in kwanta, kuma ba na wuce rabin shafi. Ga misalin abin da za ka tarar a ciki: "Alhamis. Na yi tafiyar ƙafa da sassafe, gwiwar hagu ta yi tsami a hanyar dawowa. Daga nan har hantsi ya dubi ludayi ina riƙe da waya ina karanta labarai. Na ɗauko jikata daga makaranta. Da rana na yi barci mai tsawo, na tashi jiki ba daɗi. Ban yi magana da kowa ba sai mutanen gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai yau shi ne tambayar da yarinyar ta yi mini a hanya, wai me ya sa wata yake bin mutum duk inda ya nufa da dare." Ka ga babu hikima ko adon magana a ciki, kuma bai ci mini minti goma ba.

Amfanin yana fitowa ne a wajen karantawa. Shafi ɗaya ba ya gaya maka komai, amma idan ka zauna a ƙarshen mako ka karanta bakwai a jere, sannan a ƙarshen wata ka bi su gaba ɗaya, za ka ga abin da ba ka iya gani daga cikin ranar. Ta haka na ga cewa duk ranar da na yi dogon barcin rana daren yana yi mini wuya, kuma safiyata, wadda ita ce lokacin da kaina ya fi aiki, wayar hannu ce take cinye ta. Abin da ya fi girgiza ni shi ne yawan maimaituwar jimlar nan ta cewa ban yi magana da kowa ba sai mutanen gida. A wurin aiki mutum yana gaisawa da mutane da yawa ba tare da ya shirya ba, shi ya sa ba ya lura da ranar da wannan ya yanke. Binciken da Jami'ar Harvard ta fara a 1938 a kan rayuwar maza 724, wanda aka ci gaba da shi tsawon gomman shekaru, ya nuna cewa ingancin dangantakar mutum da jama'a yana daga cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da lafiya da farin ciki a shekarun tsufa. Tun da na ga wannan giɓi a littafina, layin ƙarshe na kowane shafi ya zama sunan wanda na kira ko na ziyarta, kuma idan layin ya zauna babu komai kwana da kwanaki na san akwai gyara.

Game da ranar da ba ta zo da sabon abu ba, ka rubuta hakan yadda yake, domin shi ma bayani ne. Sai dai ka daure ka nemo abu ɗaya tak da ya keɓanta da ranar, ko da tambayar yaro ce ko wani labari da ka ji, saboda irin wannan ɗan abin ne ƙwaƙwalwa take kamawa ta bambanta kwana da kwana.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Malam, ina yi maka murna, kuma na yarda da mafi yawan abin da ɗan'uwa Akanta ya faɗa. Zan ƙara ɓangaren lafiya, sannan in ɗan saɓa masa a wuri guda.

A tsawon aikina na ga bambanci mai yawa tsakanin dattijon da likita zai tambaya yaya jiki ya ce da sauƙi, da wanda zai buɗe littafi ya nuna cewa jiri ya fara ɗibar sa ne kwana biyu bayan an canza masa maganin hawan jini, kuma yana zuwa ne idan ya miƙe tsaye da sauri. Na biyun ya ba likita abin aiki a hannu, na farkon kuwa ya bar shi yana lalube. Saboda haka ina ba da shawarar a ware ɗan gefe a kowane shafi domin abubuwan jiki: awon jini idan kana da na'urar awo a gida, awon suga ga mai ciwon suga, lokacin kwanciya da na tashi, sabon magani da ranar da aka fara shi, da duk wani baƙon abu da jiki ya nuna. Wannan bayani na kai wa likita ne, kada wani ya dube shi ya rage wa kansa magani ko ya ƙara.

A wannan gefen ne kuma ya kamata a riƙa rubuta motsa jiki da mintocinsa. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun nemi mai shekara 65 zuwa sama ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da kuma atisayen da ke inganta daidaiton tsayuwa aƙalla kwana uku domin rage haɗarin faɗuwa. Minti 150 ɗin nan tafiyar rabin awa ce ta sauri-sauri a kwana biyar. Kusan kowa yana zaton yana cika wannan, sai ya haɗa lissafin abin da ya rubuta sannan ya san gaskiya.

Inda na saɓa wa ɗan'uwa Akanta shi ne, ina jin tsoron kada littafin ya koma wurin da mutum zai riƙa tuhumar kansa kowane dare. Wanda ya yi shekaru yana auna ƙimarsa da yawan aikin da ya gama yana iya ɗauko wannan ma'auni ya shigo da shi cikin ritaya, sai ya ga duk ranar da ya huta a matsayin ranar da ya yi asara. Hutu haƙƙinka ne, Malam, ka yi masa aiki. Idan ka yini kana hira da mai ɗakinka, ko ka zauna kana kallon jikoki suna wasa, ka rubuta shi da sunansa na gaskiya, wato rana mai kyau. Daidaiton da kake nema ya haɗa da ranakun da ba a gama komai a cikinsu ba.

Akwai kuma iyakar da ya kamata kowa ya sani. Idan mutum ya karanta shafukansa ya ga mako biyu ko fiye a jere babu abin da ke ciki sai ƙunci, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, to wannan ya wuce abin da alƙalami zai magance, alamomin ciwon damuwa ne, kuma ana samun maganinsa. Tsufa ba ya zuwa da baƙin ciki a dole, duk da cewa mutane da yawa suna ɗaukar hakan, shi ya sa dattawa suke yin shiru da abin da za a iya warkarwa. A irin wannan hali babban amfanin littafin shi ne ya nuna wa mai shi lokacin da ya kamata ya rufe shi ya je ya ga likita.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Malam, ni rubutun dare bai karɓe ni ba, domin idona ba ya jure karatu da rubutu bayan faɗuwar rana. Da safe nake nawa, kuma gajere ne ƙwarai: abubuwa biyu ko uku da nake so in yi a ranar, ɗaya daga ciki dole ya kasance domin wani ne ba domin kaina ba. Washegari kafin in rubuta sabo sai in duba na jiya in ga abin da ya yiwu. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya bar jadawalin yininsa a rubuce, inda yake tambayar kansa da safe wane alheri zai yi a ranar, da dare kuma ya tambayi kansa wane alheri ya yi. Na ɗauki rabin farko na wannan tsari, kuma ya ishe ni.

Ga wanda hannu yake rawa ko gani ya yi rauni, ana iya ɗaukar murya a waya na minti biyu ko uku, ko da yake komawa a saurara ya fi wuya a kan buɗe shafi. Kuma idan ka tsallake kwanaki kada ka zauna cike gurbin baya, ka rubuta kwanan watan ranar da kake ciki ka ci gaba. Yawancin waɗanda na san sun daina, ƙoƙarin biyan bashin kwanakin da suka wuce ne ya gajiyar da su.

Tsohon Malamin Makaranta ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki a kan tuhumar kai ta shige ni, domin na san halin malamin da ya saba da jan biro. Bayaninku ya sa na sami ƙarfin yin tambayar da na ɓoye da farko. Akwai abubuwan da suka faru a shekarun ƙarshe na aikina waɗanda har yanzu suke ci mini rai, musamman yadda aka tsallake ni a wani ƙarin girma da nake ganin na cancanta, aka kuma yi hakan ba tare da wani ya kira ni ya yi mini bayani ba. Na fita ban ce wa kowa komai ba, amma abin yana dawo mini idan dare ya yi. Shin irin wannan ana rubuta shi, ko rubutawar za ta ƙara fama mikin ne? Na biyu kuma, ina tunanin wanda zai buɗe littafin bayan raina, domin ba na son in bar wa 'ya'yana abin da zai ɓata tsakaninsu da wani.

Ɗalibar Ilimin Halayyar Ɗan Adam ta rubuta:

Baba, barka da hutawa. Ni yarinya ce a cikinku, amma tambayarka ta farko ta faɗo a kan abin da muke karantawa, shi ya sa na ga ya dace in kawo abin da bincike ya nuna, tare da iyakarsa.

A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'a a Amurka. Sun sa su rubutu na minti 15 a kwana huɗu a jere. Wasu sun rubuta abubuwa marasa nauyi, wasu sun rubuta labarin wani abin baƙin ciki da ya same su ba tare da ambaton yadda suka ji ba, wasu yadda suka ji kawai, wasu kuma suka haɗa labarin da abin da ya haifar a zuciyarsu. Waɗanda suka haɗa biyun sun tashi daga rubutun ransu a jagule, amma a watanni shida da suka biyo baya zuwansu asibitin jami'a ya yi ƙasa da na waɗanda suka rubuta abubuwa marasa nauyi. Akwai wani gwajin da ya fi kusa da halinka, wanda Pennebaker da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, a kan ƙwararrun ma'aikata da aka sallama daga aiki bayan doguwar hidima. Fiye da rabin waɗanda aka sa su rubuta zafin da suke ji game da sallamar sun sami sabon aiki cikin wata takwas, alhali a sauran rukunan waɗanda suka samu ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba, kuma ba don sun fi su yawan neman aiki ba ne. Masu binciken sun fassara hakan da cewa wanda ya sauke fushinsa a takarda ba ya shiga da shi wurin ganawar neman aiki.

Amma akwai sharaɗi, Baba. Da aka bi rubuce-rubucen daga baya, an ga cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda labarinsu yake canzawa daga rana zuwa rana, suna matsawa daga bayyana zafi zuwa neman dalili da fahimta, wani lokaci har suna duban abin ta idon ɗaya ɓangaren. Wanda yake maimaita ƙorafi ɗaya da kalmomi iri ɗaya kullum yana yin abin da marigayiya Susan Nolen-Hoeksema ta daɗe tana bincike a kai, wato jujjuya damuwa a zuci ba tare da an kai ga mafita ba, kuma ta nuna cewa wannan yana tsawaita baƙin ciki. Shawarata ita ce ka ware wa maganar ƙarin girman nan kwana uku ko huɗu, minti 15 zuwa 20 kowace rana, da rana ba dab da kwanciya ba, ka rubuta abin da ya faru da yadda ya taɓa ka da abin da kake ganin ya jawo shi, sannan ka tsaya. Idan ka ji abin ya fi ƙarfinka a tsakiyar rubutu, ka ajiye alƙalami. Ya kamata kuma in faɗa cewa a 2006 Joanne Frattaroli ta tattara gwaje-gwaje 146 na irin wannan rubutu, ta ga amfanin yana nan amma ƙarami ne, saboda haka kada a ɗauke shi maganin komai.

Dawowar tsofaffin abubuwa a wannan mataki na rayuwa ba alamar rauni ba ce. Tun a 1963 likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya bayyana cewa waiwayen rayuwa abu ne na ɗabi'a ga wanda ya manyanta, kuma ta hanyarsa ne mutum yake sulhu da abin da ya wuce. Haka nan masanin zamantakewa Robert Atchley ya siffanta yadda ritaya take farawa da ɗoki, sannan wasu su shiga lokacin sanyin gwiwa kafin su sake tsara rayuwarsu, wanda ya yi daidai da abin da ka bayyana tun farko.

Game da rubuta abubuwan godiya, gwajin Robert Emmons da Michael McCullough na 2003 ya nuna cewa waɗanda suka riƙa rubuta har abubuwa biyar da suke godiya a kansu sau ɗaya a mako, na tsawon mako goma, sun fi jin daɗin rayuwarsu da kyautata zaton abin da ke tafe a kan waɗanda suka rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. A wani gwajin na Sonja Lyubomirsky, masu yi sau ɗaya a mako sun fi amfana a kan masu yi sau uku, wataƙila domin abin da aka yawaita yana komawa haddar baki. Sai kuma batun safe ko dare da Baba Akanta da Baba Injiniya suka bambanta a kai: a 2018 Michael Scullin na Jami'ar Baylor ya gwada matasa 57, ya ga waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke jiran su kafin kwanciya sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama yin barci da kimanin minti tara. Matasa ne aka gwada, kuma dare ɗaya ne, amma ga wanda tunani yake hana shi barci, rufe shafin dare da shirin gobe abu ne mai sauƙin jarrabawa.

Tsohuwar Sakatariya ta rubuta:

Malam, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, domin adana takardu shi ne aikin da na yi har na ajiye. Ƙa'idar da na koya ita ce duk abin da aka rubuta aka ajiye, wata rana wani zai karanta shi. Samuel Pepys, wani jami'in hukumar sojan ruwa ta Ingila, ya rubuta kundinsa na yau da kullum daga 1660 zuwa 1669 da gajeren rubutu na alamomi wanda ba kowa yake iya karantawa ba, amma bayan mutuwarsa aka warware shi, aka fara buga shi a 1825, har da abubuwan da suka shafi mutanen da ya yi zama da su. Kulle a akwati ko lambar sirri a kwamfuta suna jinkirta mai karatu ne kawai.

Saboda haka ni na raba rubutuna. Abin da ya shafi zafin zuciya, irin wanda 'yata ɗaliba ta yi bayani, a warwarar takarda nake yin sa, kuma idan ya gama aikinsa sai in yayyaga shi, domin amfaninsa yana cikin rubutawar ne. Littafin yau da kullum kuwa ina rubuta shi da sanin cewa 'ya'yana za su iya buɗe shi, shi ya sa idan wani ya ɓata mini rai nakan rubuta abin da ya faru da yadda na ji, ba tare da na yanke wa mutumin hukunci ko na tona sirrin da aka ba ni amana ba. Wannan bai rage gaskiyar littafin ba, kuma na lura yana sanyaya ni tun kafin in kai ƙarshen shafi. Sirrin wasu, kamar rashin lafiyar da aboki ya gaya mini ko rikicin gidan wani, ba ya shiga ko da da harafin farko na suna, domin na gida suna gane wanda ake nufi.

Idan kana da sha'awar barin wani abu ga jikoki, ka buɗe masa littafi na daban, ka riƙa rubuta labarin iyayenka da na karatunka da na ɗaliban da ka koyar a duk lokacin da ya zo maka, ba lallai kullum ba. Sau da yawa rubutun yau da kullum ne yake tono irin waɗannan labarai, sai ka ɗauke su ka kai can. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya a cikin iyalinka ka gaya masa inda littattafan suke da abin da kake so a yi da kowanne, ya fi kyau ma ka rubuta hakan a shafin farko ka sa hannu. Ka sayi littafi mai ɗinkakken bango wanda shafukansa ba sa zarewa, ka yi amfani da biro maimakon fensir saboda rubutun fensir yana gogewa, kuma a saman kowane shafi ka rubuta cikakken kwanan wata har da shekara, domin idan littattafan suka taru ba za ka iya jera su ba sai da ita.